Da laima a saman Karakoram: abin da fim ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

A ƙarshen watan Mayun 2025, wani gajeren bidiyo daga ƙasar Sin ya zagaye duniya cikin ƴan kwanaki. A cikinsa ana ganin mutum rataye da igiyoyi a tsakiyar gajimare, ƙanƙara ta lulluɓe masa fuska da tufafi, yana lilo kamar guga a bakin rijiya. Sunansa Peng Yujiang, mai shekara 55. Labarin da ya raka bidiyon ya ce a ranar 24 ga watan, mutumin yana gwada kayansa na tashi da laima a tsaunukan Qilian da ke lardin Gansu, sai iska ta fizge shi ta kai shi sama da mita 8,500, kuma ya sauko da ransa. Manyan tashoshin talabijin na duniya suka ɗauka suka watsa, daga nan ya gangaro Facebook da WhatsApp.

Ba a daɗe ba sai masu binciken hotuna suka gano cewa daƙiƙoƙin farko na bidiyon, waɗanda suka fi ɗaukar ido, da ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta aka haɗa su. Kamfanin dillancin labarai na Reuters da tashar NBC ta Amurka suka janye bidiyon daga shafukansu. A can gida kuma, hukumar wasannin sararin sama ta lardin ta dakatar da Peng na tsawon wata shida saboda ya tashi ba tare da izini ba. Wasu ƙwararrun wannan wasa ma sun ce ba su gamsu da cewa tsautsayi kaɗai ya kai shi can ba.

Abin ya ba ƴan jarida kunya, amma ya fi taɓa masu wasan kansu. Tafiya mai nisa da laima a saman duwatsu wasa ne da ba shi da filin kallo. Babu ɗan kallo a mita 6,000, babu alƙalin wasa a kan dutsen da ya yi kwana uku da ƙauye mafi kusa. Duk abin da duniya ta sani game da shi, ta fim ta san shi. Idan fim ya daina zama shaida, da me za a gane wanda ya tashi da wanda ya zauna a gaban kwamfuta?

Ƙyalle, igiya da zafin rana

Laimar shawagi, wadda Faransawa ke kira parapente, ta bambanta da laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi. Ta soja aikinta ta sauke mutum ƙasa lafiya. Wannan kuwa fiffike ne na ƙyallen nailan, mai faɗin murabba'in mita 20 da ƴan kai, an ɗinka shi aljihu-aljihu da baki a buɗe ta gaba. Idan iska ta shiga aljihunan sai ƙyallen ya kumbura ya ɗauki siffar fiffiken tsuntsu. Matuƙi yana zaune a wata kujerar ƙyalle da ke rataye da siraran igiyoyi, yana riƙe da linzami biyu, na dama da na hagu. Babu inji, babu mai. Daga gangaren dutse yake tasowa da gudu har ƙafafunsa su bar ƙasa. A garin Mieussy na Faransa aka fara hakan a 1978, lokacin da wasu masu dirowa daga jirgi uku, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka ga cewa gangaren dutse zai iya maye musu gurbin jirgi, a kuma rage kashe kuɗi.

Laima a karan kanta kullum sauka take yi, kusan mita ɗaya a kowace daƙiƙa. Mai kyau a cikinsu takan yi tafiyar mita tara zuwa goma gaba kafin ta rasa mita ɗaya na tsayi, da gudun da bai cika wuce kilomita 40 a sa'a ba idan matuƙi bai taka mata ƙaimi ba. Wato wanda ya taso daga dutse mai tsayin mita 1,000 a iska kwantacciya, bayan kilomita goma yana ƙasa. To ta yaya Sebastien Kayrouz ya yi sama da kilomita 600 a yini ɗaya a jihar Texas ta Amurka, a watan Yunin 2021, tafiyar da ta kusa kai Yamai zuwa Maraɗi?

Amsar tana saman kowace mahauta a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da hantsi ya ga ungulu ko shirwa tana kewaye wuri ɗaya, tana ƙara nisa sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba, ya ga dabarar. Rana tana gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar mai zafi ta yi sauƙi ta miƙe sama kamar ginshiƙi. Guguwar da ke murɗa ƙura a fili lokacin bazara ita ce gindin irin wannan ginshiƙi, ƙura ce kawai ta tona asirinsa. Shamuwa ma da shi take yin doguwar tafiyarta kafin ta iso mana da albishirin damina. Matuƙin laima yana neman ginshiƙin, ya shiga ya yi ta kewaye a ciki har ya kai gindin gajimare, sannan ya miƙe ya nufi dutse na gaba yana saukowa a hankali, da fatan zai sami wani ginshiƙin kafin ƙasa ta tarbe shi. Haka zai yi ta yi sa'a bakwai, takwas, har rana ta yi sanyi.

Ginshiƙin ba ya ganuwa. Da alamu ake karanta shi: wane gefen dutse rana ta fi bugu, ina tsuntsaye ke kewaye, wane gajimare ne ke girma, wane ne ke mutuwa. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da suke kira vario, wadda ke auna nauyin iska tana ƙara. Idan mutum yana hawa sai ƙarar ta yi sauri ta yi tsini, idan yana faɗuwa ta koma gurnani. Wannan ƙarar, fit-fit-fit, ita ce kiɗan kusan kowane fim na masu shawagi kafin masu tacewa su rufe ta da garaya.

A nan matsalar fim ta fara. Abin da matuƙi ke kokawa da shi, wato iska, kyamara ba ta ganinsa. Mai kallo yana ganin mutum zaune shiru a kujera, duwatsu na wucewa a hankali ta ƙarƙashinsa, kamar wanda ke hutawa a inuwa. Ba ya jin yadda fiffiken ke fizga, ba ya ganin hannayen da ke gyara linzami sau da dama a cikin minti guda don kada ƙyallen ya naɗe. Kuma yana naɗewa. Idan iska mai saukowa ta bugi gefe ɗaya, rabin laimar kan iya rufewa nan take, mutum ya fara juyawa yana faɗuwa. Ƙwararre kan buɗe ta cikin daƙiƙoƙi. Idan ta ƙi, sai ya jefa laimar ceto da ke ɗaure a kujerarsa, in har akwai sauran tazara tsakaninsa da dutse.

Kwana 19 a Karakoram

Nau'in da ya fi tsanani a wannan wasa shi ne wanda Faransawa suka laƙaba wa vol bivouac: a tashi, a sauka a kan dutse inda yamma ta riski mutum, a kwana a tanti, gobe a nemi gangare a sake tashi. Duk abin da mutum zai ci, zai sha, zai kwana a ciki, yana cikin jakar da ke bayansa.

Fim ɗin da ake yawan ambata idan ana wannan magana shi ne 8000+, na Bafaranshe Antoine Girard. A watan Yulin 2016 Girard ya yi kwana 19 shi kaɗai a duwatsun arewacin Pakistan, ya yi tafiyar da ta kai kimanin kilomita 1,250, nesa da tazarar Yamai zuwa Damagaram, wadda ba ta kai kilomita 1,000 ba ko ta hanyar mota. A ranar 23 ga watan ya bi saman kogin ƙanƙara na Baltoro, ya hau iska har mita 8,157, ya wuce ta saman ƙololuwar Broad Peak mai tsayin mita 8,051, ɗaya daga cikin duwatsu 14 na duniya da suka haura mita 8,000. Kafin shi babu wanda ya taɓa ƙetare irin wannan dutse ta sama da laima marar inji. Shekara biyar bayan haka, ranar 18 ga Yulin 2021, ya koma wurin ya kai mita 8,407.

Don mai karatu ya kwatanta: dutse mafi tsayi a Nijar, Idoukal-n-Taghès da ke tsaunukan Bagzan a Abzin, mita 2,022 ne. Sai an ɗora irinsa huɗu a kan juna kafin a kai inda Girard ya rataya.

A wannan tsayi, iskar oksijin da huhu ke samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku. Masu hawan dutse da ƙafa sukan ɗauki makonni suna sabar wa jikinsu sannu a hankali. Matuƙin laima kuwa yana iya ƙara mita 3,000 cikin ƙasa da sa'a guda, kuma ƙarancin oksijin yana fara taɓa tunani tun kafin mutum ya ankara: lissafi ya yi nauyi, hukunci ya lalace, wani ma ya ji daɗi da nishaɗi alhali yana dab da suma. Ga sanyi, da ke ƙaruwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000. Hannaye ne suka fi shan wuya, domin a ɗage suke riƙe da linzami, jini ba ya isarsu sosai, kuma ba dama a sake su a cusa a aljihu.

Ƙarfin fim ɗin Girard, a ganina, yana cikin rashin kyansa. Shi ne matuƙi, shi ne mai ɗaukar hoto. Hoton yana girgiza, numfashi yana rufe sauti, wani lokaci kyamarar ba ta kallon inda ya kamata. Babu jirgin da ke binsa, babu mai haska masa fitila. Amma ko a nan ya kamata mai kallo ya tuna abu ɗaya. Duk sanda aka ga mutumin da aka ce shi kaɗai ne yana tafiya daga nesa, jaka a baya, yana shigewa cikin duwatsu, to sai da ya kafa kyamarar, ya yi tafiyar, sannan ya dawo ya ɗauke ta. Tafiyar gaskiya ce, amma don kyamara aka yi wannan ɓangaren nata. Wannan ba ƙarya ba ce, al'adar fim ce. Sai dai tana nuna cewa tun kafin zuwan ƙirƙirarriyar basira, babu fim ɗin da ke zuwa ba tare da hannun mai shi a ciki ba.

Abin da ake yankewa

A ɗaya ɓangaren akwai fina-finan da manyan kamfanoni ke zuba wa kuɗi. A 2014 Will Gadd ɗan Kanada da Gavin McClurg ɗan Amurka sun bi jerin duwatsun Rockies na Kanada daga garin McBride zuwa iyakar Amurka, kimanin kilomita 700, cikin kwana 35. Sun gindaya wa kansu sharaɗi mai tsauri: ba za a ci gaba da ƙafa ba, duk wani ci gaba sai ta sama. Fim ɗin, The Rockies Traverse, ya fito da tallafin kamfanin Red Bull, kuma mujallar National Geographic ta sa su biyun cikin gwarazan masu kasada na shekara.

A yi lissafi. Kilomita 700 a kwana 35, kilomita 20 ke nan a rana, abin da mai jaki zai yi ba tare da ya gaji ba. Ƙwararren matuƙi kuwa yana iya yin kilomita 100 ko fiye a yini mai kyau. Ma'ana, yawancin kwanakin nan ba a sama aka yi su ba. A ƙasa aka yi su, ana jiran iska ta lafa, ana jiran ruwa ya ɗauke, ana hawan dutse da kaya a baya don a tarar da cewa gangaren bai dace da tashi ba. Fim ɗin da ake kallo a zama ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan jira ba, kuma ba mai kallon da zai jure shi. Sai a taƙaita mako guda na zaman tanti a minti biyu, a ba tashi na sa'a uku minti goma sha biyar. Matashin da ya kalla zai ɗauka wasan tashi ne zalla, alhali mafi yawansa haƙuri ne da sanin ranar da ba a tashi.

Shekara biyu bayan haka McClurg ya nufi jerin duwatsun Alaska, inda Denali yake, dutse mafi tsayi a Arewacin Amurka mai mita 6,190. Ya fara tafiyar tare da Dave Turner, amma rashin kyan yanayi ya cinye kwanakin da Turner ke da su, dole ya koma, McClurg ya ƙarasa shi kaɗai bayan kwana 37. Fim ɗin wannan tafiya, North of Known, ya fi na farko faɗin gaskiya game da wahalar ƙasa. Sun ajiye abinci a wasu wurare a kan hanya tun kafin su fara, bisa lissafin cewa za su riƙa isa kowane wuri cikin ƴan kwanaki. Da iska ta ƙi, sai tazarar da ke tsakanin ajiya da ajiya ta koma yunwa, ga kurmi mai wuyar ratsawa, ga koguna masu sanyin ƙanƙara. Mai kallo yana ganin fuskokinsu suna ramewa.

Duk da haka akwai tambayar da irin wannan fim ba ya son a yi: wa ke riƙe da kyamarar? Idan ana ganin matuƙa biyu daga sama, suna ratsa kwari, to akwai na uku a sama da su, a jirgi mai saukar ungulu ko a wata laimar, ko kuma jirgi marar matuƙi ne. Kasancewar ma'aikatan fim a kusa yana canza ma'anar kaɗaici, ko da sun yi alƙawarin ba za su ba da ko ƙwayar dabino ba. Mutumin da ya san akwai jirgi a bayan dutse ba daidai yake da wanda ya san babu ba. Jirgin ma kansa hatsari ne, domin iskar da farfelarsa ke turowa tana iya naɗe laima idan ya matso.

Su ma ƙananan kyamarorin suna da nasu siddabarun. Irin su GoPro da ake ɗaurawa a hular kwano suna da ido mai faɗi da ke lanƙwasa sararin sama, ya sa abin da ke kusa ya yi kamar yana nesa, don haka mai kallo ba zai iya auna tazarar matuƙi da dutse ba. Akwai wadda ake ɗaura wa igiya a bayan fiffike tana bin mutum kamar jela. Akwai kuma mai ɗaukar kowane gefe a lokaci guda, wadda ake riƙewa a kan sanda, sannan manhajar kamfanin ta goge sandar daga hoton, a ga kamar wani tsuntsu ne ke ɗaukar matuƙin. Kwamfuta ta riga ta shiga cikin hoton ke nan tun kafin kowa ya yi niyyar yaudara. Malaman wasan kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa kyamarar da ke kan hula tana iya sarƙe igiya a lokacin da laima ta naɗe, a daidai daƙiƙar da ba a son komai ya sarƙe.

Nijar ma ta taɓa shiga wannan tarihi ta wata ƙofa. A ƙarshen shekarun 1990 mai ɗaukar hoto ɗan Amurka George Steinmetz ya koyi tashi da laima mai ƙaramin inji a baya don ya ɗauki hotunan Sahara, kuma a arewacin ƙasarmu ya fara wannan aiki. Hotunansa na ayarin raƙuman gishiri a Tenere da na ramukan gishirin Tegidda-n-Tesumt masu launi-launi sun zagaya duniya ta National Geographic da littafinsa Desert Air. Laimarsa mai inji ce, ba irin ta su Girard ba, amma dalilin zaɓenta ɗaya ne: tana tafiya a hankali, ƙasa-ƙasa, babu gilashi ko ƙarfe tsakanin ido da ƙasa. A Afirka ta Yamma kuwa, wurin da aka fi sanin wasan shi ne tsaunukan Kwahu na Ghana, inda ake bikin tashi da laima a lokacin Ista tun 2005.

Shaidar da ba ta da hoto

Labari mafi ban mamaki a tarihin wannan wasa ba shi da bidiyo ko na daƙiƙa ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairun 2007, Ewa Wiśnierska, ƴar asalin Folan da ke wakiltar Jamus, tana atisaye kusa da garin Manilla na Ostareliya gabanin gasar duniya, sai hadari ya haɗiye ta. A cikin irin wannan gajimare iska tana hawa da ƙarfin da laima ba ta iya tsere masa. Ya ja ta sama da gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa, cikin duhu da ƙanƙara da walƙiya, ta suma, ya kai ta mita 9,946, sama da ƙololuwar Everest da fiye da kilomita ɗaya, a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri ko fiye. Ta farfaɗo bayan fiye da rabin sa'a, ta sauka a wata gona kimanin kilomita 60 daga inda ta tashi. Wani matuƙi ɗan ƙasar Sin, He Zhongpin, da hadarin ya kama a rana ɗaya, tsawa ta kashe shi.

Fim ɗin da aka yi daga baya a kan lamarin, Miracle in the Storm, sake kwaikwayon abin da ya faru aka yi a cikinsa, kuma ba a ɓoye hakan ba. Amma ba wanda ke jayayya da mita 9,946, domin na'urar da ke jikinta ta ci gaba da rubutu a lokacin da ita ba ta cikin hayyacinta.

Wannan rubutu shi ne ainihin shaidar da masu wasan suka yarda da ita. Kusan kowane matuƙin tafiya mai nisa yana ɗauke da na'urar GPS da ke rubuta, daƙiƙa bayan daƙiƙa, lokaci da wuri da tsayi. Tsayin ma iri biyu ake rubutawa, na tauraron ɗan adam da na ma'aunin nauyin iska, don a gwada ɗaya da ɗaya. Ana ajiye bayanan a wani tsari da ake kira IGC, wanda ya fito daga hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, da aka kafa a 1905 mai hedikwata a Lausanne ta Suwizalan. A ƙarshen fayil ɗin na'urar tana buga wani hatimi na lissafi, wanda ke lalacewa idan aka taɓa ko lamba ɗaya. Matuƙa suna ɗora fayilolinsu a shafuka irin su XContest, inda kowa zai iya buɗewa ya bi tafiyar a kan taswira: ga inda ya kewaya a ginshiƙi, ga inda ya kusa faɗuwa, ga inda ya sauka. Idan wani ya ce ya hau mita biyar a daƙiƙa a wani kwari da ƙarfe biyu na rana, ana iya duba fayilolin waɗanda suka bi kwarin a ranar, a kuma duba rahoton yanayi. FAI ba ta karɓar bajinta don an kawo mata bidiyo mai kyau. Fayil take nema, da shaidun da ta amince da su.

Ba a ce ba za a iya yin jabun fayil ba. Amma ƙarya a cikinsa tana bukatar ta dace da iska, da rana, da siffar ƙasa, da tafiyar sauran mutane, kuma dubban idanun da suka san wurin suna kallo. Bidiyo kuwa daƙiƙa biyar ya ishe shi ya ruɗi ɗakin labarai. Abin da ya faru a Mayun 2025 ke nan: editoci sun ga hoto mai ɗaukar hankali daga kafar da suka saba karɓa daga gare ta, suka watsa, tambayoyin suka biyo baya.

Gasar da ta fi fahimtar wannan ita ce Red Bull X-Alps, da ake yi duk bayan shekara biyu tun 2003 a duwatsun Alps na Turai. Ƴan wasa suna ratsa sama da kilomita 1,000 da ƙafa ko da laima kawai, kowa da laimarsa a baya idan yana ƙasa. Masu shirya gasar suna fitar da bidiyo masu ƙayatarwa kowace rana, amma abin da ke hana mabiyanta barci shi ne taswirar intanet da ke nuna kowane ɗan wasa a matsayin ɗigo mai motsi, kai tsaye, da tsayinsa da saurinsa. A kan wannan taswira aka ga Christian Maurer na Suwizalan ya lashe gasar sau takwas a jere daga 2009 zuwa 2023, a ta ƙarshen cikin kwana shida da ƴan sa'o'i, kafin Aaron Durogati na Italiya ya karɓe kambin a 2025. Girard ma ya taɓa zuwa na uku a 2013. Fina-finan kuwa suna da dandalinsu a bikin Coupe Icare da ake yi kowane Satumba a Saint-Hilaire kusa da Grenoble tun 1974, inda masu kallon da yawansu matuƙa ne, waɗanda ke gane inda aka yi kwaskwarima.

Ɗigon da ke kan taswira yana da wani aikin da ya wuce tabbatar da bajinta. Masu tafiya mai nisa suna ɗaukar wata na'urar daban da ke aika wurin da suke ta tauraron ɗan adam duk bayan ƴan mintoci, don iyali da abokai su san inda za a nema. Ranar 22 ga Agustan 2020, James Johnston, ɗan ƙasar New Zealand da ya shafe shekaru masu yawa yana tashi, ya taso daga wani dutse a jihar Nevada ta Amurka tare da abokai, da niyyar yin doguwar tafiya. Da rana tsaka na'urarsa ta aiko da wuri na ƙarshe yana can sama, daga nan ba ta sake aikowa ba. Matuƙa daga wurare daban-daban suka taru, cikinsu har da McClurg, aka bi duwatsu da jirage da motoci da ƙafa, masu sa kai a wasu ƙasashe suna duba hotunan yankin ta intanet ko za su hango launin ƙyalle. Sai bayan kusan wata guda aka ga laimarsa, sannan aka gano gawarsa.